Kanal ɗin Jazira a Sudan: ruwan ne ya ragu ko gyaran ne ya mutu?

Dan_Maiwurno:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da muke ta ja da wani abokina, na ce bari in kawo ta nan tunda na san gidan nan akwai mutanen Jazira akwai kuma masu noman rani na Najeriya da Nijar. Shi cewa yake ƙishirwar da shuka ke yi a Jazira da Managil duk laifin dam ɗin Habasha ne, wai sun tare ruwa. Ni kuma na ce masa a'a, tun kafin Habasha su fara ginin nan a 2011 manoma ke kukan atash, wato ƙishirwar shuka, dawa tana bushewa a tsaye alhali babban kanal cike yake taf. Kanal ɗin nan daga dam ɗin Sannar ya taso, 1925 aka buɗe shi, shekara ɗari kenan, kuma ƙasa ce zalla babu siminti. Abin da aka haƙa a ƙasa in ba a yashe shi yadda ya kamata ai dole ya cike. Ni dai a ganina ruwa bai ragu ba, gyara ne ya mutu. Ku me kuka gani?

AbuFatima_Madani:
Wa alaikumus salam. Ka faɗi gaskiya wallahi, abokin naka bai taɓa tsayawa a bakin tur'a ba.

Mai_Hawasha:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni hawashata a ɓangaren Managil take kuma a can wutsiyar tur'a, mu ne na ƙarshe da ruwa ke isowa. Ƙa'idar da muka taso muka tarar ita ce duk sati biyu gona za ta sha ruwa, kuma da haka ake yi, mahaifina bai taɓa kwana a bakin Abu Ishirin yana gadin ruwa ba. Mu kuwa mun kwana. Za ka ga na kan gaba ruwa ya yi musu yawa har ya ɓalle ya shiga hanya mota ba ta wucewa, mu a ƙarshe ƙasa ta tsattsage gyaɗa ta yi yaushi, tur'a guda ce fa. To wannan ina ruwan Habasha a ciki? Ciyawa ce da laka suka shaƙe ta a tsakiya, ruwan ba ya iya ratsowa.

Sadiq_KD:
Dan Allah ku riƙa yi mana bayani mu da ba mu taɓa zuwa ba, mene ne Abu Ishirin, mene ne hawasha? Ina son in bi zancen amma na ɓata.

Injiniyan_Ruwa:
Sadiq bari in gwada. Jazira ita ce ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, kudu da Khartum. Daga dam ɗin Sannar manyan kanal guda biyu ke fita, tsohon na 1925 da kuma na Managil da aka ƙara daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har kilomita 57, a nan ake raba ruwan. Su biyun in an haɗa an tsara su ɗauki kusan kubik mita miliyan 31 a rana, suna shayar da fili sama da fadan miliyan 2. Fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka kaɗan. Daga babban kanal ruwa zai shiga manyan rassa, daga nan zuwa ƙananan da su Baba ke cewa tur'a, daga tur'a ta bututu ya faɗa Abu Ishirin wanda ke shayar da nimra ɗaya mai fadan 90, sai Abu Sitta ya shigar da shi gonar mutum ɗaya, ita ce hawasha.

Abin da nake so a gane shi ne duk tsarin nan ba injin ke tura ruwan ba, gangara ce kawai, kuma gangarar ba ta da yawa ko kaɗan, ƙasar shimfiɗe take kamar faranti. Saboda haka ba yawan ruwa kaɗai ake dubawa ba, tsayinsa ake dubawa. Dole saman ruwan tur'a ya fi gonar tudu kafin ya shiga da kansa. In ya sauka ko da taƙi ɗaya ne ƙasa da inda aka tsara, to kana kallon ruwa da idonka amma gonarka ba za ta sha ba. Shi ya sa na yarda da Dan_Maiwurno amma da gyara, ba yashewa kaɗai ta mutu ba, awon ruwa ma ya mutu.

Sadiq_KD:
Na gode Injiniya, yanzu na hau hanya.

Mai_Hawasha:
Injiniya Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda ke mana ciwo. Mutane suna zaton in karaka, wato motar haƙa, ta zo ta kwashe laka shike nan an huta. Ba haka ba ne. An taɓa kawo mana wani ɗan kwangila, direban ba mai awo tare da shi ba kowa, ya yi ta zurfafa tur'a yana faɗaɗa ta don a ga ya yi aiki, ya tara laka tudu guda a gefe. Da aka sako ruwa sai ya kwanta can ƙasa, bakin bututun yana sama ruwa yana ƙasa. Shekarar nan wanda ke da hali injin ban ruwa ya haya yana jan ruwa daga tur'a zuwa Abu Ishirin, ka ji fa, a Jazira da aka gina don kada a sa inji. Wanda ba shi da kuɗin gas kuma sai kallo.

Injiniyan_Ruwa:
Baba wannan matsala ce sananniya, haƙa fiye da ƙima. In ka faɗaɗa tur'a fiye da yadda aka zana ta gudun ruwa zai ragu, in gudu ya ragu laka ta fi saurin kwanciya, kenan baɗi ma sai an sake kiran karaka. In ana biyan mutum gwargwadon ƙasar da ya kwashe to zai kwashe har wadda ba a sa shi ba. Kamata ya yi a fara aika masu awo su ɗauki tsayin gindin tur'a, a kwashe iya lakar da ta ƙaru, a sake awo kafin a biya.

Bashir_Gadarif:
Ni fa ban yarda a wanke Habasha tas ba. A watan Yulin 2020 da suka fara cika dam ɗinsu ruwan Shuɗin Nilu ya sauka ba zato har wasu tashoshin ruwan sha a Khartum suka tsaya. Mai riƙe da ƙofar ruwa a samanka ko bai cuce ka yau ba yana iya cutarka gobe. Dam ɗin Rusairis yana kusa da nasu sosai, in ba su faɗa maka yaushe za su saki ruwa yaushe za su riƙe ba ta yaya za ka tsara naka? Daga Rusairis ruwan ke zuwa Sannar, daga Sannar ya shiga kanal. Sarƙa ce.

Dan_Maiwurno:
Malam Bashir ban ce babu hatsari ba, maganar musayar bayanai gaskiya ce kuma ita Sudan ta daɗe tana nema. Abin da na ce shi ne ƙishirwar Managil ta girmi dam ɗin. Ka tambayi Baba Mai_Hawasha yaushe ya fara kwana a bakin ruwa.

Mai_Hawasha:
Tun kafin a ji sunan dam ɗin nan.

Injiniyan_Ruwa:
Kuma a wani ɓangaren ma dam ɗin Habasha sauƙi zai kawo wa kanal. Lakar da ke cike Jazira daga tsaunukan Habasha take zuwa lokacin damina, Yuli da Agusta ruwan ja wur yake. Ita ce ta cinye fiye da rabin cikin dam ɗin Sannar wanda aka gina shi ya riƙe kubik mita miliyan 930, ita ce ma ɗaya daga dalilan da suka sa aka ƙara wa Rusairis tsawon mita 10 aka gama a 2013. Yanzu mafi yawanta za ta kwanta a can sama kafin ta iso. Amma lakar da ta riga ta shiga tur'o'i shekara da shekaru tana nan, ba za ta fita da kanta ba. Kuma ruwa in ya yi garau rana tana ratsa shi ciyawar ruwa ta fi samun ƙarfi, ka rage laka ka ƙara ciyawa.

Bashir_Gadarif:
To masu yin jan bulo a bakin kogi fa, da masu noman bakin ruwa in ambaliya ta janye? Su lakar nan ce abincinsu. Kowa da inda abin ya taɓa shi.

Dan_Kadawa:
Salamu alaikum, ina ta karantawa kamar labarinmu ake bayarwa. Mu nan Kano ruwanmu daga dam ɗin Tiga yake zuwa, na zamanin Audu Baƙo, 1974, ya bi kanal ya shayar da Kura da Bunkure da Garun Malam. Namu ko rabin shekarun naku bai wuce da yawa ba amma ciwon iri ɗaya ne, na gaba ya sha ya ƙoshi na baya ya yi ta jira, wasu su fasa kanal da dare, wasu su sa tiyo su ja. Sai kachalla, ita kam a ɓangaren Haɗeja da Nguru ta toshe hanyoyin ruwa ba kaɗan ba. Da aikin TRIMING na Bankin Duniya ya zo an gyara kanal da yawa gaskiya an ga canji, tsorona kawai bayan 'yan shekaru a koma gidan jiya in ba a ci gaba da biyan kuɗin ruwa ana yashewa ba.

AbuFatima_Madani:
Dan_Kadawa ku babban kanal ɗinku da siminti ko? Mu duk ƙasa ne.

Injiniyan_Ruwa:
Rashin siminti ba shi ne matsalar Jazira ba. Baƙar ƙasar wurin yumɓu ce mai nauyi, in ta jiƙe sai ta kumbura ta toshe kanta, ruwa ba ya tsiyayewa ƙasa sosai. Turawan da suka zana abin sun san da haka. Wanda zai ce a yi wa dubban kilomitoci siminti bai san kuɗin da yake magana a kai ba.

Tsohon_Gafir:
Assalamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini. Na yi aikin gadin ƙofar ruwa shekaru masu yawa, bari in faɗa muku yadda abin yake a da. Mufattish, wato jami'in duba gonaki, na kowane yanki shi zai lissafa nimra nawa za ta sha a satin, ya aika wa injiniyan ruwa buƙatarsa, shi kuma ya tara ya aika sama har Sannar, a saki daidai abin da aka nema. Ni aikina in buɗe ƙofa daidai adadin da aka ce, in duba ma'auni in rubuta a littafi safe da yamma. Da magariba a rufe bututun gonaki gaba ɗaya, ruwa ya kwana a cikin tur'a yana taruwa, da asuba a buɗe ya fita da ƙarfi kowa yana tsaye a gonarsa. Ba wanda ya isa ya taɓa ƙofa in ba ni ba, in ka taɓa tara ce. Sannan in an gama auduga ana rage ruwa ƙwarai, tur'o'i su bushe, ciyawa ta mutu, a yi gyara kafin sabuwar shekara. Yanzu ƙofofi da yawa ƙarfen ma babu, da buhun ƙasa ake tarewa. Yaro ya ce wai awo ya mutu, gaskiya ya faɗa.

Dan_Maiwurno:
Allah ya ƙara lafiya Baba, wannan bayanin ba a samunsa a takarda.

Hamza_Agric:
Allah ya ja kwana Baba, amma ina da ja a kan ajiyar dare ɗin nan. Ruwan da ya kwana tsaye a tur'a ai shi ne ke sauke lakarsa a ciki. Lokacin da aka zana tsarin auduga ce kan gaba, fili mai yawa ana barinsa ya huta, ruwan da ake ja kaɗan ne. Daga baya aka shigo da alkama da gyaɗa sosai a shekarun 1960 da 1970 bayan yarjejeniyar 1959 ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5, aka gina Rusairis a 1966, sai kanal ya koma aiki kusan duk shekara, ana jan ruwa da yawa a daidai lokacin da ya fi laka. Manoma da kansu suka bar bututu a buɗe dare da rana don ba za su iya tsayuwa a kan kowace gona ba. Ni ina ganin komawa tsarin da ba zai yiwu ba, sai dai a zauna a zana sabo da ya dace da noman yau.

Injiniyan_Ruwa:
Hamza rabin maganarka na karɓa. Eh ajiyar dare tana tara laka a ƙananan tur'o'i. Amma barin bututu a buɗe ba tare da doka ba shi ne ya kashe na wutsiya, don na gaba ba ya rufewa. Ko wane tsari aka zaɓa sai an samu mutum irin Baba a bakin ƙofa da littafi a hannu. Abu mafi arha ma shi ne a rage jan ruwa a makonnin da laka ta fi yawa tunda lokacin ana samun ruwan sama, masu bincike a cibiyar nazarin ruwa ta Wad Madani, babban birnin Jazira, sun daɗe suna aiki a kan lakar nan.

Ummu_Hafsat:
Ku yi haƙuri in shigo, duk maganar gona kuke yi ba wanda ya tuna da mu da muke sha daga tur'ar nan. Ni a kambo na girma, ƙauyukan leburorin gona, Hausawa da mutanen yammacin Sudan ne suka fi yawa a ciki. Ba famfo, tur'a ce ruwan shanmu ita ce wankinmu ita ce wurin wasan yara. In ciyawa ta cika ta katantanwa ke yawa, yara maza kusan kowa ya yi tsargiya yana fitsarin jini har ana ɗauka abin girma ne, ga sauro ga masassara. In kuma aka rufe ruwa don gyara sai mu koma tonon ɗan rami a gindin tur'a ko a tafi nesa da jaki. Kenan yashewar nan da kuke magana ba ta amfanin gona kaɗai ba ce, lafiyar 'ya'yanmu ce. Iyayenmu su suka cire audugar nan da hannunsu amma yawancinsu ko taƙi ɗaya na ƙasar ba su mallaka ba, in ana taron ruwa ba a kiransu.

Hamza_Agric:
Hajiya gaskiyarki. An taɓa yin shirin lafiya na Shuɗin Nilu tare da Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1979, kusan shekara goma ana yaƙi da tsargiya da zazzaɓi a yankin, kuma abin ya ragu sosai a lokacin. Da shirin ya ƙare cutar ta dawo.

Sadiq_KD:
Wai ya aka yi Hausawa suka yi yawa haka a can?

Dan_Maiwurno:
Hanyar hajji ce ta ƙasa, mutane su tsaya su yi aiki su tara guzuri wasu su zauna ke nan. Sai kuma hijira bayan yaƙin Burmi a 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, garinmu sunansa ya ci. Da aka buɗe aikin auduga ana neman hannu sai aka ƙara zuwa. Amma wannan zance ne mai tsawo Sadiq, mu buɗe masa nasa wurin kada mu bar maganar kanal.

AbuFatima_Madani:
Ni abin da ban ji an ambata ba shi ne dokar 2005. Ita ce ta ce kowane manomi ya shuka abin da ya ga dama, aka miƙa ƙananan tur'o'i ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, daga baya aka sallami ma'aikata da yawa. To a nimra ɗaya wannan ya sa dawa, wancan auduga, wancan albasa, kowa da ranar shukarsa kowa da ranar da yake son ruwa, wa zai iya lissafa buƙata ya aika Sannar? An ba manoma nauyi ba a ba su kuɗi ko kayan aiki ba. Daga baya ma aka gyara dokar a 2014 aka soke ƙungiyoyin. Ragamar ruwan kanta an yi ta jefa ta tsakanin ma'aikatar ban ruwa da hukumar aikin da ke Barakat.

Mai_Hawasha:
AbuFatima a nan kam mun rabu. Kai ba ka yi zamanin da za ka yi shekara kana wahalar auduga a zo lissafi a ce ma ana binka bashi ba. 'Yancin shuka abin da nake so ba zan mayar ba. Abin da ya kamata mutanen nimra ɗaya su haɗa kai su shuka abu ɗaya a lokaci ɗaya, mu mun gwada haka a tamu kuma rigimar ruwa ta ragu. Ba sai an dawo mana da mufattish da bulala ba.

AbuFatima_Madani:
Baba ban ce a dawo da bulala ba, amma haɗin kan nimra ɗaya ba zai gyara ƙofar da ke kilomita 57 ba. Wannan sai hukuma.

Issoufou_Konni:
Sannunku da muhawara. Mu nan Ƙonni gandarin noman raninmu ƙungiyoyin manoma ke riƙe da shi tare da ONAHA, hukumar noman rani ta Nijar, kuma abin da na lura duk shekarar da mutane suka biya kuɗin ruwa aka san inda kuɗin ya shiga to kanal yana tsabta, in aka fara zargin shugabanni sai kowa ya noƙe. Tambayata ga mutanen Jazira, kuɗin ruwan da kuke biya kuna ganin lissafinsa?

Mai_Hawasha:
Ana karɓa dai. Shi ya sa wasu ke cewa ba za su biya ba sai sun ga ruwa, su kuma can su ce ba gyara sai an biya, a haka shekara ke wucewa.

Bashir_Gadarif:
Duk wannan ma maganar kafin yaƙi ce fa. Tun Disambar 2023 da dakarun RSF masu yaƙi da sojan Sudan suka shiga Wad Madani har Janairun 2025 da soja suka karɓe ta, wa ya yashe tur'a? Mutane gudun rai suke, an kwashe motoci da injuna da kayan ofisoshi, wurare da yawa ba a yi noma ba sam. Tur'ar da ta yi shekara ba a taɓa ba itatuwa ke fitowa a cikinta. Wanda zai gyara yanzu ba daga inda aka tsaya zai fara ba.

Ummu_Hafsat:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutanen kambo sun ga tashin hankali a yaƙin nan ba kaɗan ba, wasu har yau ba su koma ba.

Dan_Maiwurno:
Amin Hajiya. Malam Bashir a wannan kam ba mu da saɓani. Ni dai tsorona kada kuɗin gyara in ya samu a zuba shi duka a karaka a sake yin abin da Baba Mai_Hawasha ya ba da labari. Na fi son a fara da ƙofofi da ma'aunai da mutanen da za su tsaya a kansu.

Hamza_Agric:
Ni kuma na ce a fara da manyan rassa, in ruwa bai iso ba ƙofar me za ka auna.

Dan_Kadawa:
Injiniya tambaya, mu ma muna da tafkunan ajiyar dare a Kadawa amma daban aka haƙa su ba cikin kanal ba. In aka yi wa Jazira irin haka ba zai rage lakar tur'a ba?

Injiniyan_Ruwa:
Zai tara lakar a wuri ɗaya wanda ya fi sauƙin kwashewa, amma sai an samu fili, kuma filin gonar wani ce. Ga shi gangarar ba ta da yawa, duk tafkin da ka saka sai ya ci maka ɗan tsayin ruwan da kake taƙama da shi. A wasu rassan zai yiwu a wasu ba zai yiwu ba, sai an auna kowanne.

Mai_Hawasha:
To ku dai ku auna. Mu Nuwamba muke jira, alkama ba ta son a makara, in ruwa bai hau bakin bututu ba kafin tsakiyar wata ba zan zuba iri ba bana. AbuFatima in kana da wanda ke wajen Sannar ka tambaya mana ko an fara ƙara ruwa a kanal ɗin Managil.

AbuFatima_Madani:
To Baba, zan kira ƙanena da daddare in network ya yarda.